Ranar da Netwok Ya Yi Gudun Filofi

Shekara talatin da ɗaya ta yi a asibitin nan, kuma har ta ajiye aiki ba wanda ke kiran ta da wani suna sai Sakatariya, ko da yake rabonta da kujerar sakatariya tun kafin a haifi rabin masu jinyar da ke gaishe ta da "Mama". Da tafireta ta fara, tana 'yar shekara ashirin da huɗu, da goyo a baya. Da aka kawo kwamfuta ta farko ofishin, abokan aikinta suka riƙa kewaye ta kamar an ajiye musu maciji a kan tebur. Ita ma ba don jarumta ta matsa kusa ba. Shugabansu ne ya ce duk wadda ba ta koya ba za a mayar da ita ɗakin ajiyar takardu na ƙasa, inda ba taga, ita kuwa tana da asma.

A wancan zamanin a kan wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu ake kwafe aiki, ana kiran sa filofi. Sai ka tura shi cikin kwamfuta, ya kama gurnani kamar tsoho mai ciwon haƙori, kai kuwa ka zauna ka jira. Sakatariya tana da yara biyu da take ɗaukowa daga makaranta ƙarfe biyu daidai, saboda haka kowane minti nata ne. Ta fara ajiye agogon hannunta kusa da kwamfuta tana dubawa, har ta san cewa faifai ɗaya, mai cin megabait ɗaya da rabi, yakan cika a ɗan ƙasa da minti guda. Ɗabi'ar ta bi jikinta. Maigidanta yakan tsokane ta, ya ce, "Ke ko shayi aka zuba miki sai kin duba agogo kin ga minti nawa zai yi ya huce."

Yara suka girma, filofi ya ɓace, aka mayar da ita ɗakin hoton ƙwaƙwalwa. Aikinta shi ne rubuta sunan marar lafiya, da adana hotunan da na'ura ta ɗauka, da tura su ga likitan da ya nema. Na'urar kyauta ce daga wani asibiti da ya gama cin moriyarta, kuma kwamfutar da ke haɗe da ita ta tsufa har farinta ya koma ruwan ƙwai. Abin da ke ƙona faifan CD ya mutu tuntuni. Ramin da ake soka filash a bayanta irin na farko-farko ne, kuma ba ya gane filash ɗin zamani ko kaɗan. Abu ɗaya yake ganewa: wani faifan ajiya mai nauyi, girman sabulun wanki, wanda aka kawo tare da na'urar. Da aka jawo netwok, hukumar asibiti ta kafa doka cewa kada a ƙara fitar da bayanan marasa lafiya a kan faifai. Aka ce a zubar da shi. Sakatariya ta naɗe shi cikin tsohon ɗankwali, ta tura ƙarshen durowa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, saura wata bakwai ta yi ritaya.

Wajen sha ɗaya saura aka shigo da wani magini da ya faɗo daga hawa na biyu na ginin da suke yi. Da farko yana magana, har yana tambayar inda takalminsa ɗaya ya faɗa. Kafin a gama ɗaukar hoton kansa maganar ta fara sarƙewa. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, da garin siminti a gaban rigarta inda ta rungume shi, ba ta kuka, sai dai tana ta murza gefen mayafinta.

Likitar da ke bakin aiki matashiya ce, shekararta uku da fara aiki. Ta duba hotunan, ta fita da waya a kunne, ta dawo fuskarta a ɗaure.

"Mama, jini na taruwa a cikin kansa. Mu ba mu da mai buɗe kai a nan. Na kira likitan ƙwaƙwalwa na babban asibiti, na ɗauki hoton allo da wayata na tura masa, ya ce bai ga abin da zai yanke hukunci da shi ba, duka hotunan yake so. Ƙarfe ɗaya zai shiga wata tiyata da aka tsara tun makon jiya, ta awa biyar ce. In ya gani kafin ɗaya, ya gamsu, zai ɗage waccan ya jira mu. In ya riga ya shiga, shi ke nan, sai yamma."

"Me ya hana a ɗauki mutumin a kai shi yanzu?"

"Motar asibiti ta fita da mai naƙuda, sai nan da awa ɗaya za ta dawo. Kuma ba zan sa shi a motar haya ba yana shaƙar iskar oksijin ta roba. Ki tura hotunan, don Allah."

Sakatariya ta danna. Sha ɗaya da rabi daidai. Layin da ke nuna tafiyar aiki ya bayyana a allo, ya tsaya cik kamar an kafe shi. Ta cire agogonta ta ajiye kan tebur.

Bayan minti biyar ta aika a kira Injiniya, mai kula da kwamfutocin asibitin. Mutum ne mai kirki da sanin aikinsa, ɗan shekara talatin da 'yan kai, shi ya jawo netwok ɗin da hannunsa kuma yana alfahari da shi. Ya shigo da gumi, wayoyi biyu a hannu.

"Mama, masu gyaran titi ne suka tsinke babbar waya da safe. Yanzu a kan layin ko-ta-kwana muke, duk asibitin a kansa. Na yi magana da kamfanin, sun ce ma'aikatansu na wurin. Da sun haɗa, wannan aikin minti biyu ne."

"Yaushe za su haɗa?"

"Sun ce yanzun nan."

"Yanzun nan na agogo, ko yanzun nan na tela?"

Bai yi dariya ba. Ya jawo kujera, ya kashe netwok na ofisoshin da ba sa buƙata, ya kira wani ya yi masa faɗa, ya sake kiran wani ya roƙe shi. Layin ya ɗan motsa kamar gashin ido. Sha biyu saura minti goma, allon ya nuna kashi shida cikin ɗari.

Sakatariya ta jawo takardar rubuta suna, ta juya bayanta. Ta buga lissafin a kai.

"Zo ka gani, ɗana. Hotunan nan megabait ɗari huɗu da tamanin ne. Minti ashirin ke nan, talatin bai cika fita ba. Ke nan ɗaya da rabi a minti. Ka san me ke yin ɗaya da rabi a minti? Filofi. Na rantse maka filofin da na yi aiki da shi kafin ka shiga firamare ya ɗan fi wannan sauri. A haka sai bayan awa biyar za a gama."

"Ai ba haka zai tsaya ba, Mama. Za su gyara."

Ta buɗe durowa, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta fito da ƙunshin ɗankwali. Da ya ga abin da ke ciki sai ya miƙe tsaye.

"A'a, Mama. A'a. Wannan an hana. Kuma ramin nan na baya, kin san irin wane ne? Mafi rashin sauri da aka taɓa yi. Ko ɗalibai dariya suke masa."

"Su yi ta yi. Ni na auna shi shekara da shekaru: kusan megabait guda yake ci a daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙa, ba a minti ba. Minti goma ya kwashe komai. Daga nan zuwa babban asibiti rabin awa ne a babur. Netwok ɗinka awa biyar, wannan jakin nawa minti arba'in."

Injiniya ya dafe kai. Ya san lissafin daidai ne, amma akwai abin da ke damun sa, kuma gaskiya ne. Tsohuwar kwamfutar ba ta iya yin aiki biyu lokaci guda, in aka matsa mata sai ta sandare. Kafin a kwafa a faifai dole a soke turawar da ake yi. In aka soke, daga farko za a koma.

"In muka soke, minti ɗaya bayan nan suka haɗa waya fa? In kuma faifan nan ya mutu a hanya? Shekara nawa rabon da a kunna shi? Mun yi biyu babu ke nan, kuma sunana ne a kan dokar."

Ita kanta ba ta san ko faifan zai tashi ba. Ta dubi likitar, wadda ta shigo tana saurare. Likitar ta dubi agogon bango, ta leƙa ta gilashi ta dubi maginin da ke kwance.

"Ƙwayar idonsa ɗaya ta fara buɗewa," ta ce a hankali. "Ni ban san kwamfuta ba. Mama, kin tabbata da minti goman nan?"

"Minti goma na tabbata, in ya tashi. Tashin ne na Allah."

"Ki soke. Ni na ce."

Sakatariya ta danna da kanta, don kada laifin ya hau kan Injiniya. Kashi bakwai ɗin da aka tara suka ɓace. Ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, ta laluba bayan akwatin kwamfutar cikin ƙura, ta soka igiya. Shiru. Ta ɗora tafin hannu a kan faifan. Can ta ji ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, sannan ya fara wani siririn kuka yana juyawa. Kwamfutar ta yi tunani mai tsawo kafin ta yarda ta san shi.

Tana jiran kwafin ta kira ƙaninta, autan gidansu. Shekararsa arba'in da biyar, da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, amma har yau Auta ake ce masa. Aikinsa kai saƙon kaya a babur.

"Auta, kana ina?"

"Yaya, ina hanyar kai wa wata mata injin markaɗe."

"Markaɗenta ya jira. Ka zo ƙofar asibiti yanzu, ka zo da hular kwano ta biyu."

"Wa zan ɗauka?"

"Ni."

Ya san rabonta da hawa babur tun faɗuwar da ta lalata mata gwiwa, shekara goma sha takwas. "Yaya, ki ba ni saƙon mana in kai."

"Ba za su bar ka ka wuce mai gadi ba, ni ina da katin aiki. Kuma in ya ƙi buɗewa a can, ba ka san yadda ake lallashin sa ba. Zuwa da kai ya fi aike. Yi sauri."

Layin kwafi na tafiya, ana ganin tafiyarsa da ido. Kashi talatin, kashi hamsin. A sittin da takwas ya tsaya. Faifan ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Injiniya ya kai hannu zai taɓa, ta buge hannun kamar na yaro a bakin tukunya.

"Ƙyale shi. Haka yake yi, yana neman wuri ne."

Ba ta tabbata ba, ta faɗa ne kawai. Ta ƙirga a ranta har ashirin da uku, sannan layin ya ci gaba. Sha biyu da minti takwas ya cika. Injiniya da kansa ya buɗe hotuna uku daga cikin faifan ya tabbatar suna nan, ya naɗe shi da igiyarsa cikin ɗankwalin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kada ya bugu, Mama. Zan sake fara turawa ta netwok, ko da za a dace."

A bakin ƙofa matar maginin ta riƙo hannunta. "Mama, ina za ki? An ce ke ce mai tura hoton."

"Shi zan kai, 'yata. Ki zauna kusa da shi, ki riƙa yi masa magana, ko bai amsa ba."

Ta cusa ƙunshin cikin rigarta, a jikin cikinta, ta hau bayan Auta tana ambaton Allah. Minti goma sha biyar na farko hanya ta yi kyau. Daga nan suka iso wurin gyaran titin, inda aka haƙe rabin hanya, motoci suka cunkushe kamar an zuba su da kwando. A cikin ramin ta hango mutum uku tsugune kan wata baƙar waya, ɗayansu na shan ruwa, biyu na gardama. Ta kawar da kai.

Auta ya kutsa tsakanin motoci, madubinsa na gogar na mutane, ana zagin sa yana ba da haƙuri. Ya faɗa wani lungu, suka tarar an toshe shi da yashi, suka juyo. Duk ramin da suka faɗa sai ta ɗaga jikinta ta dafe cikinta da hannu ɗaya, gwiwar na yi mata kamar ana soka allura.

"Ƙarfe nawa, Yaya?"

"Ka tuƙa kawai."

Ɗaya saura kwata suna hango ginin babban asibitin, amma wata babbar mota ta gitta a mahaɗar hanya, ko akuya ba za ta wuce ba. Sakatariya ta sauka. Tafiyar minti uku ce ga mai lafiya. Ta yi ta cikin bakwai, tana ɗingishi, numfashinta na fito, hular kwano har yanzu a kanta don ta manta da ita. Mai gadi ya ga katin da ke wuyanta, ya ga fuskarta, bai tambaye ta komai ba.

A hawa na biyu ta same shi, likitan ƙwaƙwalwar, dogon dattijo sanye da koren kayan tiyata, wata ma'aikaciyar jinya na gaya masa an shirya. Sakatariya ta tsaya gabansa tana haki. Ta zaro ƙunshin ta miƙa. Ya dubi ɗankwalin, ya dubi hular kwano.

"Daga wurin likitar nan ta ƙaramin asibiti? Maginin?"

Ta gyaɗa kai. Ya buɗe kwamfutarsa ta hannu, siririya kamar faranti, ya juya ta hagu da dama. Ramukanta duk ƙanana ne, bakin igiyar ba zai shiga ko ɗaya ba.

"Baiwar Allah, wannan daga wane ƙarni kika tono shi?"

"Ranka ya daɗe," ta ce da ƙyar, "kwamfutar teburin masu jinya. Na gan ta da zan shigo. Tana da ramin."

Suka koma can su uku. Ta durƙusa a karo na biyu, a gaban baƙi, ta soka. Ɗaya saura minti huɗu. Faifan ya yi ƙas. Ta rufe ido. Ya sake yin ƙas, ya kama juyawa.

Likitan ya tsaya a sunkuye, yana wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya, da sauri, sannan a hankali, sannan ya tsaya kan guda. Ya daɗe a kansa. Ya miƙe ya ce wa ma'aikaciyar jinyar, "A mayar da mai tiyatar ƙarfe ɗaya ɗaki, zan je in ba shi haƙuri da kaina. A bar ɗakin a shirye." Ya ɗaga waya ya kira likitar ƙaramin asibitin: "Ko a ina motarku take, ku taho da shi. Kada ku tsaya rubuce-rubuce."

Sai a lokacin Sakatariya ta zauna daɓas a ƙasa, bayanta jikin tebur, wata ta cire mata hular, wata ta kawo ruwa.

Biyu saura aka iso da maginin. An yi masa aiki, ya kwana tara a asibiti. Ya rayu, maganarsa ta dawo, amma hannunsa na hagu bai koma daidai ba, bai ƙara hawa gini ba. Daga baya ta ji yana sayar da kayan gini a wani ɗan shago tare da matarsa. Wayar netwok kuwa, ranar sai ƙarfe uku da rabi aka haɗa ta. Injiniya ya gaya mata da bakinsa, ya ce turawar ta biyu tana kashi hamsin da wani abu lokacin, ta ƙarasa cikin minti ɗaya.

Mako biyu bayan haka aka kira ta gaban kwamiti. Doka doka ce: ta fitar da bayanan marar lafiya a kan faifan da aka ce a zubar. Likitar ta ce ita ta ba da umarni. Injiniya ya ce a gabansa aka yi, kuma da shi kaɗai ne da ya jira, da kuma ya yi kuskure. Sakatariya ba ta yi musu ba, ta ce ta san dokar, ta kuma san ta karya ta. Aka ba ta takardar gargaɗi, ta farko a shekara talatin da ɗaya. Ta yi mata zafi fiye da yadda ta nuna. A gida ta yi kwana biyu ba ta cin abincin kirki, har maigidanta ya ce in takardar ce ta hana ta ci, a ba shi ya jiƙa ya sha.

Kwamitin ya kuma yanke cewa a sayo sabon faifai mai kulle, na hukuma, don irin wannan rana. Aka sayo, mai kyau, ɗan ƙarami. Injiniya ya yini yana fama, tsohuwar kwamfutar ta ƙi ko kallon sa. A ƙarshe ya zo ya tsaya gaban teburinta yana sosa ƙeya.

"Mama, wancan ɗin yana nan?"

Aka manna masa lambar asibiti, aka saka shi a akwatin ƙarfe, makulli ɗaya wurin Injiniya, ɗaya wurin likitan da ke bakin aiki. Watanninta na ƙarshe ta ƙare su tana koya wa wadda za ta gaje ta yadda ake soka igiyar, da yadda ake haƙuri in ya tsaya yana ƙas-ƙas. Gwiwar ba ta yafe mata ba, da sanda ta je bikin sallamarta. Auta ne ya kai ta, amma a motar haya, don ta rantse ita da babur sai dai ta gan shi yana wucewa.